Neman shawara: ina so in mayar da tsofaffin zannuwana da rigunan marigayi bargon sanyi

Tsohuwar Malama, Unguwar Rogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san ɗinki, da kuma waɗanda suka riga ni shiga irin zaman da nake ciki yanzu.

Na yi ritaya daga koyarwa a firamare bayan na cika shekara 35 ina aiki, kuma bara Allah Ya yi wa maigidana rasuwa. Yara duk sun kama gabansu, matan suna ɗakunansu, mazan kuma aiki ya kai ɗaya Abuja, ɗaya Kaduna. Yanzu daga ni sai jikata guda, ita ma idan ta fita da safe sai bayan la'asar, domin daga boko Islamiyya take wucewa. Idan na idar da azkar, na share tsakar gida, na ɗora abin da za mu ci, kafin ƙarfe goma aikin yini ya ƙare, sauran lokacin kuma sai rediyo da tunani. Ba na son in zama tsohuwar da take bin gidajen maƙwabta don kawai ta rage rana, ba na kuma son in dami yara da kiran waya alhali suna bakin aikinsu.

Ina da akwati biyu cike da zannuwa, wasu tun na lefena, akwai Holan da 'yar Ingila da Nichem da irin waɗanda masaƙun Kaduna suke yi kafin su durƙushe. Yawancinsu sun koɗe ko sun ci a wurin ninki, ba za a ba wa mutum su ya ji daɗi ba, ni kuma zuciyata ba ta yarda in mayar da su tsumman goge ƙasa ba. Akwai kuma manyan rigunan Malam na shadda da kaftanai, suna rataye yadda ya bar su. Na taɓa ganin bargo a gidan wata abokiyar aikina a Bukuru, wanda aka haɗa da ƙananan ƙyallaye masu kusurwa huɗu, aka sa wani abu mai laushi a tsakiya, aka yi masa shafi, sannan aka bi shi da ɗinki layi-layi. Tun da hunturu ya fara ƙaratowa abin yake raina, domin duk wanda ya san Jos ya san yadda daren Disamba da Janairu yake, musamman ga wanda ƙashinsa ya fara tsufa.

Abin da nake so in sani shi ne ko atamfa da shadda za su zauna a bargo ɗaya, da abin da ya kamata in sa a tsakiya, da kuma yawan ƙyallen da zai ishi gado mai faɗin ƙafa huɗu da rabi. Ina da keken ƙafa Butterfly, na iya miƙaƙƙen ɗinki da kalmasa, amma ban taɓa yin aiki mai girma irin wannan ba, idanuna kuma ba kamar da ba ne, zura zare a allura ma sai na jira jikata ta dawo. Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tela, Dilimi

Wa alaikumus salam. Mama, Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, ku kuma Ya ba ku haƙuri.

Aikin da kike magana ba ya fin ƙarfin wanda ya iya miƙaƙƙen ɗinki, wahalarsa tana wurin shiri ne tun kafin a hau keke. Ki fara da ware kayan. Kowane zani ki buɗe shi ki ɗaga shi saitin taga, duk inda haske ya ratsa fiye da sauran jikinsa, wurin ya mutu, ki zagaye shi da alli ki bar shi. A zanin ɗaurawa yawanci tsakiya ce take mutuwa, wato wurin zama, da kuma layin ninki, amma gefe da gefe sukan daɗe da ƙarfinsu. Ƙyalle ɗaya ruɓaɓɓe idan ya shiga tsakiyar bargo, wanki biyu zai buɗe, kuma cire shi bayan an gama ya fi ɗinka sabo wuya.

Atamfa da shadda suna haɗuwa matuƙar dukkansu na auduga ne kuma kaurinsu ya yi kusa. Abin da ba na ba da shawara shi ne a cusa leshi, ko yadin roba mai santsi, ko mayafi shara-shara, domin ba sa jan jiki daidai da auduga, idan aka wanke sai wani ya tsuke wani ya saki, bargon ya yi ta tudu da kwari. Ki wanke komai tukuna, har wanda kike ganin tsaf yake, saboda a fitar da sitaci da bugun da ke jikin shadda da warin kafur, kuma duk abin da zai tsuke ya tsuke tun yanzu. Masu launin ja da shuɗi mai duhu, da duk abin da aka rina, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kansu, idan ya ɗauki launi ki sake wankewa shi kaɗai har ruwan ya fita fari, in ya ƙi ki haƙura da shi, kada ya ɓata farar shaddar da ke kusa da shi. Bayan nan ki goge, domin ba a yankan gaskiya a kan yamutsattsen yadi.

Ga lissafin girma. Katifa mai ƙafa huɗu da rabi faɗinta inci 54 ne, tsawonta ƙafa shida, wato inci 72. Bargon da zai rufe mutum ya sauko gefe kaɗan, inci 72 a faɗi da inci 84 a tsawo ya isa. Idan kowane ƙyalle zai tashi inci 6 bayan an ɗinke, kina buƙatar guda 12 a faɗi da layi 14 a tsawo, jimilla 168. Masu wannan sana'a sun saba barin rubu'in inci a bakin ɗinki, amma tunda yadinki ya tsufa ni zan ce ki bar rabin inci, saboda haka ki yanka kowanne inci 7. Yadi ɗaya na atamfa yakan ba da irin wannan guda 30, ke nan abin da ya kai turmi ɗaya na lafiyayyen yadi zai rufe saman bargon. Da akwati biyu a hannunki, bargo uku ma za su fita. Ki samu kwali mai tauri ki yanka inci 7 ta kowane gefe, a tabbatar kusurwoyinsa sun miƙe, shi za ki riƙa ɗorawa kina zanawa, kuma ki bi tsayin zaren saƙa, kada ki yanka a karkace, domin yankan karkace yana miƙewa a ƙarƙashin keke.

Wajen haɗawa, ki ɗinka 12 su zama layi guda, ki goge bakin ɗinkin layin farko duk su kwanta dama, na biyu su kwanta hagu, haka har ƙarshe. Idan kika zo haɗa layi da layi sai mahaɗan su shige juna, kusurwoyi su haɗu daidai, kuma allura ba za ta ci karo da dunƙule ba. Allura lamba 14 ta isa haɗin saman, idan aka zo ɗinke duka ukun a koma lamba 16.

A tsakiya kada ki sa soso, yana riƙe ruwa kuma yana marmashewa. Kada ki sa audugar rimi irin ta matashi, tana da santsi, takan gudu ta taru wuri ɗaya. Mafi sauƙi shi ne ki samu siririn bargo mara nauyi a wajen 'yan gwanjo na Kasuwar Katako, ki wanke shi da kyau ki shanya a rana, ko kuma ki sayi shimfiɗaɗɗiyar audugar roba wadda masu yin kujeru da zanin gado suke amfani da ita, ana auna ta yadi-yadi. Shafin baya kuma zanin gado babba na auduga ya wadatar, in kuma atamfa kike so, yadi biyar ki raba biyu ki haɗa su a tsaye. Shafin da na tsakiyar su ɗara saman da kamar inci uku ta kowane gefe, sai an gama a datse.

Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce, tura bargo mai inci 72 a ƙarƙashin keken ƙafa aikin ƙarfi ne, mu ma da muke yi kullum kafaɗa tana gaya mana. Idan kin gama saman, ki kai wa tela mai babban keke ya bi miki shi, cikin yini ɗaya zai gama.

Ɗalibin ilimi, Gangare

Hajiya, Allah Ya gafarta wa Malam, Ya haskaka makwancinsa. Ni ban san ɗinki ba, amma akwai abin da ya kamata a duba kafin almakashi ya taɓa rigunan nan, kuma na ga ba a ambace shi ba.

Zannuwanki naki ne, na lefe da waɗanda kika saya da waɗanda aka ba ki, babu mai tambayarki a kansu. Tufafin mamaci kuwa suna cikin abin da ya bari, hukuncinsu ɗaya da gida da gona da kuɗi. Bayan an fitar da hidimar jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya a cikin abin da bai wuce sulusi ba, sauran na magada ne gaba ɗaya, kuma matar da mijinta ya bar 'ya'ya rabonta sumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, kamar yadda ya zo a aya ta 12 ta Suratun Nisa'i. Mutane sukan raina tufafi a wajen rabo, sai a kwashe a yi sadaka da su ko wani ya ɗauka don tunawa, alhali babbar riga ta shadda mai aikin hannu tana iya fin wasu kayan ɗaki daraja.

Idan an riga an raba gado kuma rigunan sun faɗo a rabonki, ko magada sun bar miki su, to magana ta ƙare. Idan ba a yi ba, hanya mai sauƙi ce: ki tara 'ya'yanki, ko ki kira kowannensu, ki faɗa musu niyyarki, su yafe miki da bakinsu, mata da maza, kada a ce babban ɗa ya amsa a madadin kowa. In Malam yana da iyaye a raye lokacin rasuwarsa, ko wata matar, ko 'ya'ya a wani ɗakin, su ma suna da haƙƙi. In akwai wanda bai balaga ba a cikin magada, ba a yafewa a madadinsa, sai dai a yi wa rigunan kuɗi a cire daga rabonki a ajiye masa nasa. Wanda ya raba muku gadon, ko limamin unguwarku, zai warware miki wannan a zama ɗaya.

Zan ƙara da cewa wataƙila a cikin 'ya'yan akwai mai son ya sa rigar mahaifinsa ranar Juma'a ko ranar Idi, kunya ce ta hana shi tambaya. Wadda take da sauran ƙarfi, sawa ta fi yankawa amfani. Waɗanda wuyansu ya ci ko suka yi tabo su ne na bargo.

'Yar Jos a Kubwa

Yaya, ina yi miki ta'aziyya, Allah Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ni ma na ajiye aiki, ina zaune a Kubwa kusa da ɗana, kuma wannan ɗinkin shi ne abin da nake yi tsakanin walaha da azahar. A nan zafi ba ya barin mutum ya more bargo mai kauri, shi ya sa yawancin waɗanda na ɗinka Jos suke komawa wajen 'yan uwa.

Lissafin da tela ya yi daidai ne, ki riƙe shi. Inda na saɓa da shi shi ne maganar kai wa mai babban keke. Shi yana kallon aikin da idon mai sana'a, wanda burinsa a gama a karɓi na gaba, ke kuwa a cikin bayaninki ba bargo kaɗai kike nema ba, kina neman abin da zai cika miki yini. In an gama miki cikin yini ɗaya, washegari kin koma inda kike. Bin bargon da hannu shi ne sashen da ya fi daɗi, kuma ba ya son ƙarfi, haƙuri kawai yake so.

Ba baƙon aiki ba ne a wurinmu kamar yadda ake zato. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ko Zariya ko Katsina ya ga 'yan lifidi, doki da mahayinsa a lulluɓe da yadi biyu da aka cusa wa auduga a tsakani aka bi da ɗinki don kada ta motsa, har ta iya tare kibiya. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Abin da za ki yi wa gadonki ke nan, sai dai naki ya fi laushi. A Bangladash da gabashin Indiya mata sukan jera tsofaffin zannuwansu huɗu ko biyar, su bi su da ƙananan ɗinkin hannu layi bayan layi, ba sa sa komai a tsakiya, zannuwan su ne cikon. A wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, baƙaƙen mata jikokin bayi sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aikin gona saboda sanyi da talauci, ba su taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, sai ga shi a shekarar 2002 an rataye su a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan kan sarki na Amurka.

Hanyar matan Bangladash ita nake so ki duba da kyau, domin tana warware matsalar zannuwan da tela ya ce a ware. Waɗanda suka koɗe amma ba su yage ba, ki shimfiɗa uku ko huɗu a tsakiya a maimakon bargon gwanjo. Ba wanda zai gan su, sun yi laushi saboda yawan wanki, allura tana ratsa su ba gardama, kuma bargon yakan kwanta a jiki ya yi ɗumi ba tare da ya danne ƙirji ba. Yana kuma bushewa da wuri, wanda ba ƙaramin abu ba ne a daminar Jos, lokacin da shanya takan kwana biyu a igiya.

Yadda nake yi shi ne, in share ɗaki in shimfiɗa tabarma, in baza shafin fuskarsa tana kallon ƙasa, in ɗora na tsakiya, in ɗora saman, ina lallashe kowanne da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki. A nan kina buƙatar jikarki, domin durƙuson ba na gwiwarmu ba ne. Sai a kama duka da fil mai kulle, tazarar tafin hannu tsakanin kowane biyu, ko a bi shi da manyan ɗinki na wucin gadi da za a zare daga baya. Da an kama, sai ki ɗauke shi ki koma kujera. Ki fara daga tsakiya kina fita waje, in kika fara daga baki yadin zai taru miki a ciki ya yi jaka. Zare mai ɗan kauri nake amfani da shi, irin na masu aikin hula, da allura mai babban ido, kuma ba na ƙoƙarin ɓoye ɗinkin, farin zare a kan atamfa mai duhu ado ne. Layukan kada su wuce inci biyu zuwa uku tsakaninsu. In yatsu sun gaji, akwai hanyar ɗauri: a kowace mahaɗar ƙyallaye huɗu ki soka zaren ki dawo da shi, ki ƙulle sau biyu, ki datse ki bar ɗan gashi.

Game da tsari, kafin ki ɗinka ko ɗaya ki baza duk ƙyallayen a ƙasa ki tsaya daga bakin ƙofa ki kalla. Abin da yake sa bargo ya yi kyau shi ne yadda mai haske da mai duhu suke bin juna, zanen atamfar kansa ba ya fitowa daga nesa. Shaddar Malam, tunda launi ɗaya ce, ita za ta raba tsakanin atamfofin ta hana su yin hayaniya, misali shadda ɗaya atamfa ɗaya har layi ya ƙare. Aikin da ke gaban babbar riga, aska biyu ne ko aska takwas, kada ki tsaga shi, ki yanke shi ɗungurungum ki sa a tsakiyar bargon ko ki yi rigar matashi da shi. Ki dai kula da atamfofin anko na siyasa, kowa yana da su a ƙasan akwati, kuma ba na jin kina so ki kwana da fuskar ɗan takarar da ko shi ya manta ya tsaya. Duk abin da ke da rubutun ayoyi ko sunan Allah kuma a ware shi daban.

Shawarata ta ƙarshe, kada ki fara da na gadonki. Ki fara da ɗan ƙarami, ƙyalle shida a faɗi shida a tsawo, wanda za ki rufe ƙafa da shi idan kina lazimi da asuba, kuma ki yi shi da zannuwan da ba ki damu da su sosai ba. Hannunki zai koyi abin da ba a iya rubutawa kafin ki taɓa na lefe da shadda.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Bukuru

Hajiya, sannu da haƙuri. Zan tsaya a kan maganar ido da jiki, tunda masu ɗinki sun yi nasu.

Wahalar zura zare bayan an haura shekara 40 abu ne da yake samun kusan kowa, kuma tabarau na karatu yana magance shi. Amma ina roƙonki kada ki tsaya a kan wanda ake saya a bakin titi, ki je asibitin ido a auna ki. Dalili shi ne a shekarunmu akwai yanar ido, wadda ake cirewa da ɗan ƙaramin aiki mutum ya koma gani, akwai kuma hawan jinin ido, wanda yake cin gani a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Mai ciwon suga ya kamata a duba masa ido kowace shekara ko da ba ya jin komai. A wajen masu sayar da kayan ɗinki akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai siririyar waya da ake zura zare da shi, ba shi da tsada. Kina kuma iya sa jikarki ta zura miki allura biyar ko shida da daddare ta soke su a jikin ƙyalle, da safe ki yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Ki yi ɗinkin da hasken rana, a bakin taga ko a baranda inda iska ba ta bugowa, ki bar yadi mai duhu zuwa lokacin da rana ta ɗaga. Kujerar ta kasance mai jingina, ƙafafunki suna taɓa ƙasa, nauyin bargon kuma yana kan tebur ko hannun kujera, ba a kan cinyarki kaɗai ba. Duk rabin awa ki miƙe ki zaga tsakar gida. Da sanyin safiya yatsu sukan ƙage, ki tsoma su a ruwan ɗumi na ɗan lokaci kafin ki kama allura, in kuma kin shafa man kaɗanya saboda kaushi ki bari ya shiga jiki, domin yana barin tabo a shadda. Ki ajiye maganaɗisu kusa da ke don tsince allura da fil da suka faɗi, musamman in jikoki ƙanana suna zuwa, ko in kina da suga, saboda mai suga yana iya taka allura bai ji ba.

Tunda maganar sanyi ce ta kawo mu, kowane hunturu sai an ji labarin waɗanda suka shiga da kaskon gawayi ɗaki suka rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, mutum yakan ji ciwon kai da jiri da barci, daga nan ba ya farkawa. A ji ɗumin a waje ko a buɗe taga, a kuma fitar da kaskon kafin a kwanta. Bargon ƙyallaye da safa da hular sanyi sun fi shi aminci nesa ba kusa ba.

Na lura da abin da kika ce na rediyo da tunani. Ɗinki zai taimaka, amma aiki ne da ake iya yinsa a kaɗaice har mutum ya ƙara shigewa ɗaki. Na tabbata a layinku akwai wata mai irin zamanki, ko a cikin waɗanda kuke zuwa Islamiyyar matan aure tare. Ki gayyace ta rana ɗaya a mako, ita ta kama wannan gefe ke ki kama wancan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kuma kika ga barci ya ƙaurace miki, ko abinci ya fita ranki makonni a jere, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗa masa ciwon ƙafa.

Tsohuwar Malama, Unguwar Rogo

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowannenku da alheri, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.

Malam na Gangare, an raba gida da abin da ke banki, amma ba a yi maganar tufafi ba, kowa ya kau da kai. Na kira yaran ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ka ce. Duk sun yafe, sai dai na Kaduna ya nemi farar rigar da mahaifinsa yake sawa ranar Idi, ƙaramar cikin matan kuma ta ce ita a yi mata nata bargon da kaftanin da ya saba zama da shi a gida. Surukata tana raye a lokacin rasuwar kuma tana nan har yanzu, saboda haka gobe in sha Allahu zan je in gaishe ta in nemi nata izinin.

Zan bi shawarar ƙanwata ta Kubwa in fara da ƙaramin, in haɗa saman a keke, in bi shi da hannu. Maganar asibitin ido ma na karɓa. Saura tambaya ɗaya ga ɗana tela: idan na gama bi, yaya zan rufe bakin bargon, tunda yadi uku ko fiye ne suka haɗu a wurin, kuma na san kalmasa irin ta zani ba za ta yiwu ba?

Tela, Dilimi

Mama, hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce ki datse na tsakiyar daidai da saman, ki bar shafin baya ya ɗara su da inci ɗaya ko'ina, sai ki ninka shi sau biyu ya hau kan saman ki ɗinke. Aibinta shi ne baki ne yake fara cinyewa a bargo, kuma idan ya cinye shafin ne ya lalace.

Wadda ta fi ƙarko ita ce ki datse duka daidai, ki yanka dogayen ƙyallaye masu faɗin inci biyu da rabi daga yadi mafi ƙarfi da kike da shi, a nan ma gara sabo, ki haɗa su su zama igiya guda da za ta zagaye bargon da ɗan rara. Ga ƙaramin da za ki fara da shi, mai inci 36 ta kowane gefe, inci 155 ya isa, babban kuma yana son kamar inci 325. Ki ninka igiyar biyu a tsawonta ki goge, ki ɗora buɗaɗɗen bakinta a kan bakin bargon ta fuska ki ɗinke da keke, sannan ki juya ninkin zuwa baya ki kama shi da hannu. Ki fara daga tsakiyar gefe ɗaya, kada ki fara daga kusurwa. In kusurwar ta ba ki wahala, ki yi kowane gefe daban, dogayen biyu tukuna sannan gajerun, ki kalmashe ƙarshensu ciki. Duk ranar da bakin ya cinye, sai a farke shi kaɗai a sa wani.